Amsoshin Tambayoyinku: Ƙamshin Turaren Banila

Tambayarmu daga wata baiwar Allah ce a Maraɗi. Tana son sanin dalilin da ya sa wani turaren banila yake da sanyin ƙamshi da ɗan yaji-yaji, wani kuwa zaƙi zalla kamar alewa.

To, Malama, banila wata shuka ce mai yaɗo, asalinta ƙasar Meziko, amma yau Madagaska ce kan gaba wajen nomanta. Furenta kwana ɗaya kacal yake yi a buɗe, kuma da hannu ake yi masa barbara, fure bayan fure. Wani yaro bawa ɗan shekara 12, Edmond Albius, shi ya gano dabarar a tsibirin Reyuniyon a 1841. Bayan girbi ana turara ’ya’yan, a shanya su, a nannaɗe su cikin bargo har watanni, sai sun yi baƙi sun yi laushi. Daga nan tsadarta ta samo asali.

Tun 1874 masana a Jamus suka iya haɗa sinadarin ƙamshinta a ɗakin gwaji, kuma yawancin turarukan banila da shi ake yinsu. Idan aka cika shi, sai zaƙi ya yi rinjaye. Gwanayen turare kuwa suna tsarma shi da kanumfari, kirfa, masoro ko wani ƙamshin daban, kamar yadda kamfanin Guerlain ya haɗa banila da ƙamshin ɓawon lemo a turaren Shalimar a 1925.

Shawarata, Malama, kada ki yanke hukunci da shaƙar farko. Ki shafa kaɗan a wuyan hannu, ki jira rabin awa, domin banila a ƙarshe take bayyana. Lokacin zafi kuma ki rage hannu.