BABI NA BAKWAI: Maganin Homon ga Mata a Shekarun Ɗaukewar Haila

7.1 Gabatarwa

Haila takan ɗauke wa mace tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma ana tabbatar da hakan ne idan ta yi wata 12 a jere ba ta ga jini ba. Dalili shi ne raguwar sinadaran homon guda biyu, wato istirojin da furojestaron. Wannan raguwa kan haddasa zafin jiki mai tasowa kwatsam, da gumin dare, da rashin barci, da bushewar gaba, da raunin ƙashi. Idan abin ya tsananta, likita kan ba da maganin da zai cike gurbin sinadaran.

7.2 Ire-iren Maganin da Ƙa'idarsa

Matar da aka cire wa mahaifa istirojin kaɗai ake ba ta. Wadda ke da mahaifa kuwa dole a haɗa mata da furojestaron, domin istirojin shi kaɗai yakan kaurara bangon mahaifa har ya kai ga sankara. Maganin yana zuwa a ƙwaya, ko filastar mannawa a fata, ko man shafawa. Ƙwayar estradiol yawanci miligiram 1 zuwa 2 ce a kullum, filasta kuwa tana sakin maikirogiram 25 zuwa 100 a kullum. Ƙa'ida ita ce a fara da kaɗan, a sake ganin likita bayan wata 3, daga nan sai shekara-shekara.

7.3 Illoli

Hausawa na cewa kowane allazi da nasa amanu. Ƙananan illolin sun haɗa da ciwon mama, da tashin zuciya, da ciwon kai, da kumburin ciki, da ɗigon jini, kuma galibi sukan lafa cikin wata 3 zuwa 6. Manyan su ne daskarewar jini a jijiya, da shanyewar ɓarin jiki, da ɗan ƙarin haɗarin sankarar mama ga mai shan haɗin biyu na tsawon shekaru. Haɗarin daskarewar jini ya fi yawa ga mai haɗiyar ƙwaya a kan mai manna filasta.

A shekarar 2002 aka dakatar da wani babban bincike a Amurka, wanda ya ƙunshi mata fiye da 16,000, saboda irin waɗannan illoli, sai mata da yawa suka guje wa maganin. Sai dai matsakaicin shekarun matan 63 ne. Nazarin da ya biyo baya ya nuna cewa ga mai lafiya wadda ba ta kai shekara 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar haila ba, amfanin yakan rinjayi illar.

7.4 Kammalawa

Maganin bai dace da wadda ta taɓa yin sankarar mama, ko daskarewar jini, ko mai ciwon hanta ba, haka ma mai zubar jinin da ba a gano sababinsa ba. Kuma ba ya hana ɗaukar ciki. Don haka ba abin saye a kemis ba ne sai da izinin likita.

7.5 Auna Fahimta

1. Me ya sa ake haɗa wa mai mahaifa furojestaron?
2. Kawo ƙananan illoli uku da manya biyu.
3. Fito da kalmomin aro biyar daga darasin, a bayyana yadda aka Hausantar da su.