Kuɗin Lanfo Sun Dawo da Yawa, Kuskure Ne?

Wani saƙo ya zo mana daga Gazawa, daga wani malamin lakwal da ya ce a sakaya sunansa. Ya ce an maido masa kuɗin haraji a cikin albashinsa, har sun fi ƙarfin zatonsa, yana tsoron ko kuskure ne.

To malam, mun gode. A Nijar, lanfo na albashi, wato ITS, tun kafin albashi ya shigo hannu ake cire shi. Yawan iyalin da ke wuyanka yana rage wannan haraji. In an daɗe ba a sa ƴaƴanka a lissafi ba, ranar da aka gyara, rarar watanni za ta iya zuwa a dunƙule.

Amma kuskure ma yana faruwa. Kuɗin gwamnati kuwa, in an biya fiye da ƙima, ana zaftare su daga albashin gaba. Saboda haka kada ka taɓa su tukuna, ko da kasuwa ta kira ka. Ɗauki takardar albashinka, ta wannan wata da ta watan jiya, ka kai ofishin haraji na Maraɗi, su nuna maka lissafin a rubuce. A rubuce, malam.

Wanda kuma ya bugo waya yana neman lambarka ta sirri don ya turo ragowa, ɓarawo ne, kashe wayar.