Zauren Ƙofa a Matsayin Madubin Tarihi: Nazarin Ƙofar Gidan Ruhubanawa na Bury St Edmunds

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin ginin Hausa sun daɗe da fahimtar cewa zaure shi ne iyaka tsakanin cikin gida da waje, a nan ake tarbar baƙo, a nan kuma ake tsayar da shi. Wannan maƙala ta duba makamancinsa a Ingila, wato zauren ƙofar gidan ruhubanawan Kirista na Bury St Edmunds da ke yankin Suffolk, domin nuna yadda fasalin gini ke adana labarin dangantakar masu gida da maƙwabtansu.

2.0 Asalin Aikin Ƙofa

An kafa ruhubanawan ɗariƙar Benedict a wannan wuri a shekarar 1020, kusa da kabarin Sarki Edmund, wanda mahara daga Denmak suka kashe a 869. Babi na 66 na ƙa'idojin ɗariƙar ya tanadi a ɗora dattijo mai hankali a kan tsaron ƙofa, a kuma ba shi ɗaki dab da ita, don kada baƙo ko mabuƙaci ya rasa mai amsa masa. Ke nan, tun asali ƙofar wurin tarba ce.

3.0 Tarzomar 1327

Sai dai ikon ruhubanawan bai tsaya a cikin katangarsu ba. Shugabansu ne ke riƙe da kasuwar garin da harajinta da kotunanta, abin da ya daɗe yana ci wa mazauna tuwo a ƙwarya. A 1327, shekarar da aka tuɓe Sarki Edward na II, mutanen gari suka far wa gidan, suka tilasta wa shugabansa, Richard de Draughton, amincewa da takardar 'yancinsu, aka kuma rushe ƙofar a cikin rikicin.

Sabuwar ƙofar da aka gina a tsakiyar ƙarni na 14 ta zo da fuska biyu. An ƙawata gabanta da gurabun mutum-mutumin waliyyai, amma a bayan waɗannan gurabu an ɓoye kafofin harba kibiya, aka kuma tanadi ƙyaure mai saukowa daga sama. Duk da haka ba ta kashe wutar gabar ba, domin a boren talakawa na 1381 an kashe mataimakin shugaban gidan.

4.0 Kammalawa

A 1539 Sarki Henry na VIII ya rufe gidan, daga baya aka yi ta kwasar duwatsunsa ana gine-gine a cikin gari. Babbar majami'ar ta zama kufai, ƙofar kuwa tana nan tsaye, ta cikinta jama'a ke shiga lambun garin a yau. Darasin da manazarcin zaure da ƙofofin ganuwa zai ɗauka shi ne, bai isa a tambayi yaushe aka gina ƙofa ba, sai an bincika wa aka gina ta domin tarba, wa kuma aka gina ta domin tarewa.