Kunyar Fuska da Zaman Jiran Aikin Likita

A ƙasar Hausa ana yabon dogon hanci, ana kuma yi wa mai gajeren hanci ba'a tun yana ƙarami. Da yawa sun girma suna ƙin madubi da hoto saboda maganar da aka yaɓa musu a dandali. In haka ba'a take yi wa mai cikakken hanci, ina ga yaron da ciwo ya cinye masa hancin ɗungum? Darasinmu na yau a kansa yake.

1. Ciwon da kansa

Likitoci suna kiransa "noma". Kalmar daga harshen Girka take, ba ta da dangantaka da aikin gona. A ƙauyuka wasu suna ce masa ciwon iska, amma ba iska ba ce, ba kuma sammu ba. Ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda tamowa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Yakan fara da gyambo a dasashi, da warin baki, da kumburin kunci. Cikin mako biyu yana iya cin leɓe da kunci da hanci. In ba a yi magani ba, har yara 9 cikin 10 na iya mutuwa. In kuwa an kai yaro asibiti da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki sukan tsayar da shi.

2. Rayuwa kafin aiki

Wanda ya tsira yakan shiga wata wahala. Yarinya takan ja mayafi ta rufe rabin fuska duk inda za ta. Yaro yakan daina zuwa makaranta domin gudun dariya. Wasu muƙamuƙinsu yakan riƙe, magana da cin tuwo su gagara, sai su koma cin abinci su kaɗai a ɗaki. Ranar kasuwa ko biki a bar su tsaron gida. In sun girma kuma maganar aure ta yi wuya. Ciwon ya warke, amma idon jama'a yana sabunta shi kullum. Ku sani, ba a ɗaukar wannan ciwo ta zama ko cin abinci tare.

3. Akwai gyara

A shekarar 1999 aka kafa Asibitin Yara Masu Ciwon Noma a birnin Sakkwato, kuma a 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara tallafa masa da aikin fiɗa kyauta. Ana iya gina sabon hanci da fatar goshin mutum, dabarar da ta samo asali daga Indiya. Sai dai ba a yin aikin sai gyambo ya warke, jiki ya yi ƙwari, kuma sau da yawa akan yi shi kashi-kashi. Saboda haka jira yakan yi tsawo. A Disamba 2023, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ciwon cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

4. Abin da ya rataya a wuyanmu

Mu mutanen Tambuwal da Kebbe, asibitin nan a jiharmu yake. Uwaye, ku riƙa duba bakin 'ya'yanku, ku kai su rigakafin ƙyanda. Wanda ya san gidan da aka ɓoye irin wannan yaro, ya gaya wa iyayen akwai gyara, ya taimaka da kuɗin mota. Kafin ranar aiki ta zo, ku kira yaron da sunansa, ku zaunar da shi cikin 'ya'yanku, ku tsawata wa mai yi masa dariya. Hausawa sun ce abin da ya taɓa hanci, idanu ruwa suke yi.

Tambayoyi domin tattaunawa:
(a) Waɗanne sunayen ba'a ne muke bari yaranmu su kira juna da su?
(b) Wa muka daina gani a kasuwa ko makaranta saboda kunyar fuskarsa?