Darasi Na Goma Sha Ɗaya: Gasar Hotuna Tsakanin Kano Da Agadas

A wannan darasi za mu karanta labarin abokai biyu da ke zaune a ƙasashe daban-daban, sannan mu koyi yadda ake kwatanta abubuwa a Hausa. A karanta labarin sau biyu, sau ɗaya a zuci, sau ɗaya a bayyane.

A. KARATU

Emeka da Ibrahim abokai ne tun suna yara. An haifi Emeka a Sabon Gari da ke Kano, inda mahaifinsa yake sayar da kayan gyaran mota. Shi kuwa Ibrahim a unguwar Fagge ya tashi. Makarantarsu ɗaya, ajinsu ɗaya. Da suka gama aji uku na ƙaramar sakandare, sai harkar kasuwanci ta mayar da mahaifin Ibrahim Agadas a Jamhuriyar Nijar, ya tafi da iyalinsa. Daga Kano zuwa can tafiyar kimanin kilomita 700 ce, ta hanyar Damagaram.

Da farko sukan gaisa ta waya kullum. Sannu a hankali gaisuwar ta ragu, domin kowa ya shiga sabgar karatunsa. Wata rana sai Ibrahim ya turo hoton wani raƙumi, ya rubuta a ƙarƙashinsa: "Mutumina, kuna da irin wannan a Sabon Gari?" Emeka ya yi dariya, ya mayar masa da hoton cunkoson motoci, ya ce: "Ku kuma kuna da irin wannan?" Daga nan gasa ta soma.

Suka kafa dokoki guda uku. Na ɗaya, kowa zai turo hoto ɗaya tak ranar Juma'a, a kan batun da aka zaɓa. Na biyu, dole mutum ya ɗauki hoton da hannunsa a cikin makon. Na uku, ba a ɗaukar kowa hoto sai da izininsa. Suka roƙi tsohon malaminsu na Hausa, Malam Garba, ya zama alƙali. Malam ya yarda, amma ya ƙara sharaɗi: kowane hoto ya zo da bayani na jimla biyar cikin Hausa mai kyau.

Batun makon farko shi ne "Wuri mai tsawo". Emeka ya hau Dutsen Dala da sassafe, ya ɗauko rufin gidajen birni daga sama. A bayaninsa ya ambaci Barbushe, wanda tarihin Kano ya ce ya zauna a wurin tun kafin zuwan Musulunci. Ibrahim kuwa ya turo hasumiyar Babban Masallacin Agadas. Ya bayyana cewa da ƙasa aka gina ta, tsawonta mita 27, kuma itatuwan da suka leƙo daga jikinta su ne magina suke takawa idan za su yi yaɓe. Ya ƙara da cewa a 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya. Malam Garba ya ba Ibrahim maki.

A mako na biyu aka zaɓi "Sana'a". Emeka, wanda a Kano aka haife shi amma bai taɓa shiga marinar Ƙofar Mata ba, ya je ya gaida marina, ya nemi izini. Suka nuna masa yadda ake haɗa baba da toka a cikin rami, da yadda ake tsoma zane a fito da shi ya sha iska, a sake tsomawa har ya yi shuɗi sosai. Ya ɗauki hoton hannun wani dattijo da rini ya kama. Ibrahim ya turo hoton maƙerin azurfa. Wannan karon Emeka ne ya yi nasara.

Haka suka ci gaba har mako bakwai. Ibrahim yana da maki huɗu, Emeka uku. Sai aka zo mako na takwas, batun kuwa "Dabbobi". Ibrahim ya dace da ayarin raƙuma da ya dawo daga Bilma ɗauke da kantun gishiri. Emeka ya san in ya faɗi a wannan mako, tazarar za ta yi yawa. Ya zagaya unguwa bai ga komai ba sai awaki. Daren Alhamis ya shiga intanet, ya samo wani kyakkyawan hoton dawaki sanye da kayan ado a ƙofar fadar Sarkin Kano. Ya yi jim, sannan ya tura shi.

Ibrahim ya dubi hoton da kyau. Ya san wannan Hawan Daushe ne, kuma ya san ana yin sa ne washegarin salla, ga shi salla ta wuce da wata huɗu. Bai ce komai ba a gaban Malam. Da dare ya kira abokinsa.

"Mutumina, hoton nan ya yi kyau ƙwarai. Ashe an ƙara wata salla a Kano bayan tafiyata?"

Emeka ya yi shiru. Can ya ce, "Ibrahim, ba ni na ɗauka ba. Na ji tsoron kada ka yi mini nisa."

Ibrahim ya ce, "Dawakin Sarki ko'ina zan iya ganinsu a waya. Abin da nake jira duk Juma'a shi ne abin da idonka ya gani. Da shi nake ji kamar ina Kano. In ka turo mini hoton wani, da wa nake gasa ke nan?"

Washegari Emeka ya je gidan Malam Garba, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, hoton da na turo ba nawa ba ne. A cire shi." Malam ya ce, "Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ka kyauta da ka zo da ƙafarka. Makin wannan mako na Ibrahim ne. Tun da kun bar batun a buɗe, je ka nemo naka, mu gani."

A hanyarsa ta komawa gida, Emeka ya ga wani tsoho yana ba jakinsa ruwa a inuwar darbejiya, bayan ya sauke masa mangalar yashi. Ya ce, "Sannu da aiki, Baba. Ko ka yarda in ɗauke ku hoto, kai da jakin?" Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Ɗauka, yaro. Shekararmu tara tare, ba wanda ya taɓa tambaya." Da hoton ya isa Agadas, Ibrahim ya rubuto: "Jakinka bai kai raƙumina tsawo ba, amma hotonka ya fi nawa. Sai dai maki ya riga ya shiga aljihuna. Mu haɗu Juma'a mai zuwa!"

B. MA'ANAR KALMOMI

gasa: ƙoƙarin da mutane ke yi don a ga wanda ya fi
sharaɗi: ƙa'idar da dole a cika
hasumiya: dogon gini da ake yi a jikin masallaci
yaɓe: shafa ƙasa a jikin gini don ƙarfafa shi
marina: wurin da ake rini, da kuma masu yin rinin
baba: tsiron da ake samun shuɗin rini daga gare shi
ayari: jerin matafiya da dabbobinsu
kantu: dunƙulen gishiri
tazara: nisan da ke tsakanin abu biyu
mangala: buhu mai aljihu biyu da ake ɗora wa jaki
ya yi jim: ya ɗan tsaya yana tunani

C. TAMBAYOYI

1. Me ya raba Emeka da Ibrahim?
2. Kawo dokoki uku na gasar, da sharaɗin da Malam Garba ya ƙara.
3. Mene ne amfanin itatuwan da ke jikin hasumiyar Agadas?
4. Wane sabon abu Emeka ya koya game da garinsu saboda gasar?
5. Ta yaya Ibrahim ya gane cewa hoton dawakin ba na makon ba ne?
6. Me ya sa Ibrahim bai yi maganar a gaban Malam ba? Kana ganin ya yi daidai?
7. Bayyana abin da Ibrahim yake nufi da, "Da wa nake gasa ke nan?"

D. NAHAWU: KWATANTA ABUBUWA

Idan Bahaushe zai kwatanta abu biyu, yakan yi amfani da aikatau "fi" ko "kai". Sunan halin da ake kwatantawa, kamar tsawo, kyau ko girma, shi yake zuwa a ƙarshe.

1. Idan abu ɗaya ya wuce ɗaya, ana amfani da "fi":
Raƙumi ya fi jaki tsawo.
Kano ta fi Agadas yawan mutane.

2. Idan sun yi daidai, ana amfani da "kai":
Hoton Emeka ya kai na Ibrahim kyau.

3. Idan abu ya gaza, ana kore "kai":
Jaki bai kai raƙumi tsawo ba.
Akuya ba ta kai saniya girma ba.

4. Idan abu ya wuce duka, ana cewa "ya fi duka", "ya fi kowa", ko a yi amfani da "mafi":
Wannan hoto ya fi duka kyau.
Shi ne hoto mafi kyau.

A lura: sunayen garuruwa da ƙasashe mata ne a Hausa. Don haka ake cewa "Kano ta fi", "Nijar ta fi".

Aiki: Cike gurbi da "ya fi", "ta fi", "bai kai" ko "ba ta kai".
a. Doki ______ jaki gudu.
b. Legas ______ Ibadan yawan mutane.
c. Keke ______ mota sauri ba.
d. Kaza ______ jimina girma ba.
e. Kogin Neja ______ Kogin Binuwai tsawo.

E. AL'ADA: ABOKAN WASA

Zolayar da ke tsakanin Emeka da Ibrahim ta yi kama da al'adar wasa a ƙasar Hausa. Akwai wasa tsakanin jika da kaka, da tsakanin taubasai. Akwai shi kuma tsakanin al'ummomi, kamar Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarbawa. Abokan wasa sukan yi wa juna ba'a, kowa yana cewa nasa ya fi, ba tare da an yi fushi ba. Amma wasa yana da iyaka: ba a cin mutunci, ba a cin amana. Akwai irin wannan al'ada a yankinku? Tsakanin su wa?

F. KARIN MAGANA

Bayyana ma'anar waɗannan, ka nuna inda kowanne ya dace da labarin:
1. Gani ya kori ji.
2. Ramin ƙarya ƙurarre ne.
3. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

G. AIKIN GIDA

1. Zaɓi wuri ɗaya a garinku da za ka so aboki na wata ƙasa ya gani. Rubuta bayaninsa cikin jimla biyar, biyu daga ciki su ƙunshi "fi" ko "kai".
2. Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama mai ɗaukar hoto, ɗaya ya zama dattijo mai sana'a. Ku shirya tattaunawar neman izini, ku fara da gaisuwar da ta dace, ku gabatar a gaban aji.