DARASI: RUWAN ƘARƘASHIN GONARKA, NA WANE NE?

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan rijiyoyin ban ruwa ne. Muna roƙo a karanta shi a taron ƙungiya, a kuma tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, waɗanda gonakinsu ke bakin kanal wajen Kadawa, Kura da Bunkure sun sami ruwan noman rani. Amma da yawa daga cikinmu a ƙauyukan Rano da Kibiya kanal bai iso mu ba. Abin da muke da shi shi ne fadama, da rijiya, da idon ruwa a gindin dutse. A dā da jigo ake ban ruwa. Bayan an kafa hukumar KNARDA a 1982, da kuma shirin Fadama da ya fara a 1993, rijiyoyin bututu da injunan ban ruwa suka yawaita. Yanzu ga masu aiki da hasken rana, waɗanda ba sa shan mai, don haka ba a saurin kashe su.

Ina ruwan yake?

Ƙasarmu a kan fā take zaune. Babu wani kogi da ke gudana a ƙarƙashinta. Ruwan sama na damina ne ke nutsewa, ya tsaya a cikin ruɓaɓɓen dutse da ke bisa fā, da cikin tsagogin dutsen. Wannan ajiya ba ta da yawa, kuma daga Oktoba har faɗuwar damina ba abin da ke ƙara ta.

Ku gwada wannan a taro. A cika ƙwarya da yashi, a zuba ruwa, a tona ramuka biyu da yatsa. A zuƙe ruwan rami ɗaya da tsinken kara mai rami. Ku dubi ɗayan: shi ma ya ja baya. Haka inji yake yi. Yana jawo ruwan kewaye ya gangaro wajensa, kamar a mazurari. Idon ruwa kuwa shi ne wurin da ajiyar ta cika har ta tumbatso waje. Saboda haka ko da ƙafa biyu ruwan ya sauka, shi ne zai fara ƙafewa. Daga nan sai rijiyoyin unguwa marasa zurfi. Masu shan wahalar su ne mata da yara da ke ɗebo ruwa, da makiyaya.

Me doka ta ce?

Dokar Filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun Gwamna, ƙaramar hukuma kuma ke ba da izinin riƙe gona a karkara. Dokar Ruwa mai lamba 101 ta 1993 ta yarda wa mai riƙe da gona ya ɗebi ruwan ƙarƙashinta kyauta domin amfanin gida, da shayar da dabbobi, da ban ruwan lambunsa na kansa. Watau mai inji yana da haƙƙi, maƙwabcinsa mai guga shi ma yana da irinsa. Doka ta ba kowa izini, amma ba ta ƙara ruwan ko da tulu ɗaya ba. Shari'ar Musulunci da maƙwabtanmu ke bi ta san abin da ake kira harimin rijiya, watau filin kewayenta da ba a haƙa wata a ciki idan za ta cutar da ta farko. Wannan hikima ce da za mu iya haɗa kai a kanta.

Abin da ƙungiya za ta yi

1. A zaɓi rijiya guda kusa da idon ruwa. Kowace Asabar da asuba, kafin a ta da inji, a auna zurfin ruwanta da igiya mai ƙulli a kowace ƙafa. Magatakarda ya rubuta a littafi.
2. Kada ɗan ƙungiya ya haƙa sabuwar rijiya sai ya sanar da maƙwabta da mai unguwa. A nisanta ta daga idon ruwa iyakar yadda gona ta ba da hali.
3. A raba kwanaki, kada dukan injuna su tashi lokaci ɗaya. A yi ban ruwa da sassafe ko da yamma.
4. Tun watan Nuwamba a yi yarjejeniya a gaban dagaci: in ruwa ya sauka zuwa ƙulli kaza, kowa zai rage awoyinsa. Ruwan sha ne gaba da tumatir da albasa.
5. A yi kunya a gicciye da tarin duwatsu a gangare, domin ruwan damina ya tsaya ya nutse.

Dattawanmu sun ga farin 1973 da na 1984. Sun san ba a gyaran rijiya ranar da ƙishi ya zo. Littafin awo zai raba gardama kafin ta kai gaban alƙali.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane idon ruwa ne a ƙauyenku yake kai bazara a dā, yanzu ba ya kaiwa?
2. Injuna nawa ke kewaye da shi?
3. Wa zai riƙe igiya da littafi a bana?