Aikin Hannu Shi Ma Magani Ne

Akwai wata irin jiyya wadda ba a yinta da allura ko ƙwaya, sai da aiki. Watau a zaɓa wa naƙasasshe, yaro ko babba, aikin da zai motsa gaɓar da ta raunana, har ya iya cin abinci da sa tufafi da kansa.

Wani mai zanen gine-gine a Amurka, George Barton, ya yi fama da tarin fuka, kana gefen hagu na jikinsa ya shanye. A 1914 ya buɗe wani gida a garin Clifton Springs, ya shiga sassaƙa da aikin lambu, ƙarfinsa ya riƙa komowa. A gidan nan ne mutum 6 suka taru a 1917, suka kafa ƙungiyar masu wannan jiyya.

To, mu da za mu fita koyarwa, ina ruwanmu? Da akwai. Wata rana za ka tarar da yaro a ajinka wanda shan-inna ta taɓa masa hannu. Kada ka rubuta masa aikinsa don tausayi. Irin wannan tausayi cuta ne. Naɗa wa fensirinsa tsumma ya yi kauri, ya fi sauƙin riƙewa. Ba shi yumɓu ya cuɗa, domin yatsu su yi ƙarfi. In ya iya, sai ya koma zira tsakiya a zare, manya tukuna, sa'an nan ƙanana. Da ka ga ya gaji, ko ya ce da zafi, tsai da shi, ka nemi shawarar likita.